Kwana uku a Beijing: fara da tikitin fadar sarakuna

Wa'alaikumus salam. Alhaji, ka ce idan ka gama saro a Guangzhou za ka leƙa Beijing karon farko, kwana uku gare ka, kana tambaya ko za su ishe ka ganin fadar sarakuna da Babbar Ganuwa. Za su isa, in dai ka yarda da babban wuri ɗaya kowace rana. Kuma tikitin fadar za ka fara nema, tun kafin na jirgi.

Sinawa Gugong suke ce mata, sunan da za ka faɗa wa direba ke nan. Ana sakin tikitinta a intanet kwana bakwai kafin ranar shiga, da lambar fasfo, kuma lokacin hutun makarantu kan ka ce kwabo ya ƙare. Kada ka dogara da samu a bakin ƙofa. Ka sa wakilinka na Guangzhou ya yanka maka ta manhajar WeChat. Yuan 60 ne daga Afrilu zuwa Oktoba, 40 lokacin sanyi, ranar Litinin kuma a rufe take. Fasfonka shi ne tikitin, kada ka baro shi a otal. Filin Tiananmen da ke gabanta shi ma sai an yi rajista tun kafin ranar. Idan tafiyarka ta faɗo makon farko na Oktoba, hutun ƙasarsu, ka ɗaga ta kawai.

Ta ƙofar kudu ake shiga, a fita ta arewa. Tsarin ba zai yi maka baƙo ba in ka san Gidan Rumfa: soro bayan soro, wajen zaman fada a gaba, cikin gida can ƙurya, kuma ƙarni ɗaya aka gina su. Sai dai wannan hekta 72 ce. Sarki Yongle na daular Ming ya fara ginin a 1406 aka kammala a 1420, sarakuna 24 suka zauna ciki har zuwa Puyi, wanda ya yi murabus a 1912 amma bai fita ba sai da aka kore shi a 1924.

Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su bi ɗan jagora mai tuta ta tsakiya, su yi turereniya gaban Taihedian, babban zauren fadar, su ɗaga waya su ɗauki karagar da ba su gani da ido ba, su fice cikin awa biyu. A ganina wannan asarar kuɗin jirgi ce. Ka ga manyan zauruka uku da ke jere a tsakiyar fadar, sannan ka karkata gabas. Akwai ɗakin agoguna da ɗakin taskar sarauta, kowanne ƙarin yuan 10, can jama'a sun ragu, za ka iya tsayawa ka ƙare wa abu kallo.

Ka lura da manyan randunan tagulla da ke girke a tsakar gidajen. Na kashe gobara ne, don ginin katako ne, kuma tsawa ta ƙone manyan zaurukan uku a 1421, ko shekara ba a yi da gama su ba. Da hunturu har wuta ake hurawa a ƙarƙashinsu kada ruwan ya daskare. Waɗanda aka shafa wa zinariya kusa da Taihedian duk jikinsu karce ne, ana danganta shi da sojojin ƙasashen waje da suka shiga birnin a 1900. Saboda gudun gobara ne har yau ba a shiga da ashana ko laita. Bayan zauren Baohedian kuma akwai wani falalen dutse mai sassaƙen dodanni, ya haura tan 200. Da sanyi suka jawo shi: suna haƙa rijiyoyi a hanya, su kwarara ruwa ya zama ƙanƙara, su ja. Na daɗe a tsaye a wurin nan.

Da ka fita ta arewa, tsallaka titi ka hau tudun Jingshan. Da ƙasar da aka haƙo daga ramin ganuwar fadar aka tara shi. Daga samansa ne za ka ga rufin nan ruwan ɗorawa a shimfiɗe gaba ɗaya, launin da aka keɓe wa sarki. A gindin tudun sarkin Ming na ƙarshe ya rataye kansa a 1644.

Rana ta biyu Ganuwa. Cikin sassanta, Badaling ta fi sauƙin zuwa, jirgin ƙasa mai gudu na kai mutum, amma cunkoso sai wanda ya gani. Ni Mutianyu nake tura mutane, kimanin kilomita 70 daga gari, akwai keken igiya mai hawa da kai. Matakalan ba su daidaita ba, wata kaɗan wata har gwiwa, don haka babbar riga da takalmi sau-ciki su yi zamansu a otal.

Rana ta uku ka zaɓi ɗaya: Tiantan, inda sarki ke zuwa roƙon damina mai albarka, ko fadar bazara ta Yiheyuan mai tafki. Ƙafarka za ta riga ta gaji, Tiantan ta fi kusa. Ka je da sassafe ka ga tsofaffi na motsa jiki.

Abinci kuwa, nemi alamar 清真, ita ce halal. Unguwar Niujie ta Musulmin Hui ce, masallacinta tun 996 yake, ga naman rago ko'ina. A cikin fadar ban ga wurin salla ba, kuma banɗakunansu ba buta, sai ka riƙe gorar ruwa, ka shiga da wuri yadda za ka fito kafin azahar ta yi nisa.

Za a roƙe ka hoto, musamman 'yan ƙauyen da suka zo yawon buɗe ido, yawanci ba da wata manufa ba. Waɗanda za ka guje wa su ne matasa masu Turanci mai daɗi a wajen titin kasuwanci na Wangfujing da ke gayyatar baƙo shan shayi. Lissafin da za a kawo maka zai kai kuɗin otal ɗinka, ka ce ka gode ka wuce.