Tauraron nan mai sauya launi a daren hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim. Duk lokacin sanyi, bayan sallar isha'i, wani tauraro yakan fito ta kudu maso gabas, ya fi saura haske, yana walƙiya da ja da shuɗi da kore. Ɗalibaina sun ce tauraron ɗan'adam ne, dattawa kuma sun ce shi ne mafi girma a sama. Mene ne gaskiyarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa siffar da ka bayar, Shi'ira kake gani, wanda Turawa ke kira Sirius. Sunansa ya zo a Suratun Najmi, aya ta 49. Don ka tabbatar, nemi taurarin nan uku da ke jere ɗoɗar. Idan ka bi layinsu ta gefe ɗaya, za ka wuce kusa da wani jan tauraro ka doshi kaza da 'ya'yanta. Ta ɗaya gefen kuwa, a kan Shi'ira za ka faɗa.

Ba tauraron ɗan'adam ba ne. Waɗanda ido ke gani daga cikinsu suna ratsa sama cikin 'yan mintuna su ɓace. Shi'ira kuwa yana tafiya tare da sauran taurari, kuma kowane dare yakan rigayi lokacin fitowarsa na jiya da kusan minti 4. A ƙarshen Disamba yana ɓullowa wajen ƙarfe 7 na yamma. A tsakiyar Fabrairu, wajen 9:30 na dare, yana tsaye a kudu sak, ya ɗaga digiri 61 daga ƙasa idan daga yankin Kano da Jigawa ake kallo. Daga wajen tsakiyar Yuni yakan shige cikin hasken rana, sai ƙarshen Yuli a sake ganinsa da asuba.

Launukan da kake gani ba nasa ba ne, na iskarmu ne. Shi fari ne mai ɗan shuɗi. Iska tana da sassa masu ɗumi da masu sanyi da ke ta motsi, kowane sashe yana karkatar da haske, kuma yadda yake karkatar da ja daban, yadda yake karkatar da shuɗi daban, sai launukan su riƙa isowa ido bi da bi. Idan tauraro yana digiri 10 sama da ƙasa, wato kamar faɗin dunƙulen hannu idan ka miƙe shi, haskensa na ratsa iskar da ta ninka ta tsakar ka fiye da sau 5. Ka sa yara su kalle shi yana fitowa, su sake kallo bayan awa uku: za su ga rawar ta ragu sosai. Zara da Mushtari, su da suke duniyoyi, haskensu a natse yake, kuma da wannan ake bambance su da shi, domin mutane kan rikita su.

Maganar dattawa tana da rabin gaskiya. A ido babu tauraron dare da ya kai shi haske, amma kusanci ne ya taimake shi. Nisansa tafiyar haske ce ta shekara 8.6, kimanin kilomita tiriliyan 81, alhali hasken rana minti 8 da daƙiƙa 20 kawai yake yi ya iso mu. Wannan a lissafin taurari maƙwabtaka ce ta katanga ɗaya. Duba ƙasa da shi can kudu, za ka ga wani farin tauraro, Suhailu. Nisansa ya kai shekarar haske 310, kuma ainihin haskensa ya ninka na rana fiye da sau 10,000, amma a idonmu shi ne na biyu. Aci-balbal a hannunka ta fi fitilar mota da ke can ƙarshen titi haska maka hanya.

Yadda aka auna nisan abu ne da za ka iya nuna wa aji. Ɗaga babban yatsa, rufe ido ɗaya, sannan ɗayan: yatsan zai yi kamar ya matsa. Masana kan auna matsayin tauraro, su sake aunawa bayan wata 6, lokacin da duniya ta koma ɗaya ɓangaren rana. Matsawar Shi'ira ba ta wuce faɗin ƙwayar dawa da aka hango daga nisan kilomita ɗaya ba, kuma daga nan ake fitar da nisa.

Shi kansa rana ce irin tamu, sai dai ya fi ta ƙarfi. Nauyinsa ya ninka nata sau 2 da ɗan ɗoriya, faɗinsa sau 1.7. Zafin fatarsa kusan digiri 9,900 ne a ma'aunin zafi na masana kimiyya da ake kira Kelbin, na rana kuwa kusan 5,800. Launi ne ke tona zafi, kuma kowane maƙeri ya san haka: ƙarfe a wuta yakan fara da ja, ya koma ruwan ɗorawa, idan zafi ya kai maƙura ya yi fari. Ga lissafin da ya fi daɗi a wannan batu. Faɗi sau 1.7 na nufin fatar da ke fitar da haske ta ninka kusan sau 3. Zafinsa kuma ya ninka na rana sau 1.7, kuma ƙa'ida ita ce a ninka wannan adadi da kansa har sau huɗu, wanda ke ba da kusan 8.5. Ninka 3 da 8.5, ka samu kusan 25, wato daidai abin da aka auna: haskensa ya ninka na rana sau 25. Da za a ɗora shi a gurbin rana, sai duniya ta ja baya har ninki 5, wajen inda Mushtari yake, kafin ta samu hasken da ta saba.

Masana na sa shi a rukunin da suke kira babban jeri, wato taurarin da ke cikin ganiyarsu, waɗanda tsakiyarsu ke haɗe haidirojin ya zama hiliyam. Kusan tara cikin goma na taurari suna wannan mataki, har da rana. Sai dai nauyi na rage kwana. Makamashinsa ninki 2 ne na rana, amma yana cin sa ninki 25, don haka ganiyarsa kusan shekara biliyan 1 ce, ta rana kuwa biliyan 10. Yanzu shekarunsa ba su kai miliyan 300 ba.

Ta yaya aka san nauyinsa? Yana da abokin tafiya. A 1844 masanin taurari Bajamushe Friedrich Bessel ya lura Shi'ira na tangaɗi a tafiyarsa, ya ce lallai wani abu mai nauyi na jan sa. A 1862 Alvan Graham Clark, mai ƙera madubin hangen nesa a Amurka, ya gan shi. Su biyun suna kewaya juna a shekara 50, kuma daga tsawon wannan lokaci da tazarar da ke tsakaninsu ake lissafa nauyi. Abokin nan shi ne abin al'ajabi: nauyinsa kamar na rana, girmansa kamar na duniya. Gutsurensa da bai wuce dunƙulen magi ba zai haura tan 3. Da can ya fi Shi'ira nauyi, shi ya sa ya riga shi cinye makamashinsa, abin da ya saura garwashi ne da ke hucewa a hankali.

Kada ka yi wa yara alkawarin ganinsa. Ya gaza babban haske kusan sau 10,000, kuma yana manne da shi, sai da babban madubi a daren da iska ta lafa. Don kallon Shi'ira kansa kuwa ido ya isa. Zaɓi daren da ƙurar hunturu ta kwanta, domin hazo kan cinye taurarin da ke kusa da ƙasa. Ku fita bayan gari inda babu fitilar sola, a kashe tocila da waya, a jira minti 20 ido ya saba da duhu. Kyamarar waya ba za ta nuna launukan yadda ido ke gani ba, ɗigo kawai za ta ba ku, gara kowane yaro ya rubuta launin da ya gani da lokacin da ya gan shi, washegari a kwatanta a aji.