Amsa ga ɗan'uwan da tarwaɗarsa ke mutuwa da asuba

Allah Ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Ka ce tarwaɗa 1,000 ka zuba a tamfol, wato tankin kiwon kifi na leda, nan Gombe, sati uku ke nan, yau ka kwashe 60 a mace, sauran sun miƙe tsaye a saman ruwa. Wallahi na san wannan tashin hankalin, a haska tocila da asuba a ga kifi sun juya ciki sama, ruwa na wari kamar kwata.

Kada ka fara da magani, ruwanka ne ya lalace. Tsayar da abinci kwana biyu cur, yunwa ba za ta kashe su ba. Ragowar abincin da ya nutse da kashinsu ne ke ruɓewa su zama amoniya, wata guba da ke narkewa a ruwa, kuma zafi irin na Afrilu na ƙara mata dafi, haka ma in pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, ya haura 8.5. Ka sauke kashi ɗaya cikin uku na ruwan ta bututun ƙasa, don can dauɗar take kwance, da yamma ka maimaita. Ban da saukewa duka lokaci guda, sanyin sabon ruwa kaɗai ya isa ya gigita su. Ruwan burtsatse ba ya zuwa da isasshiyar iska, bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. In na famfo ne, ya kwana a buɗe tukun saboda kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita.

Ɗauki guda da bai daɗe da mutuwa ba, ka ɗaga murfin gefen kansa inda yake numfashi. Na mai lafiya, ƙarƙashin murfin ja wur yake. In ya koma launin ruwan ƙasa, nitirayit ne, wata gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama, ya hana jini ɗaukar iska. In haka ne, narka gishiri kilo 1 a bokiti ga kowace lita 1,000 ka zuba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne wasu masu sayar da 'ya'yan kifi. Su cakuɗa maka manya da ƙanana, su ce tamfol kowane iri zai ɗauki dubu, in an fara mutuwa su miƙo maka ƙullin magani marar suna, ko su daina ɗaga waya. Haram ne wallahi! Ka riƙa ware manyan duk sati biyu, in ba haka ba su cinye ƙananan ka zaci sata ake yi.

Af, kwashe matattun nan take. Kuma tamfol ɗin naka lita nawa yake ci? Ina zargin cunkoso.