Amsa ga mai tambaya kan Baseball Stars II da ke goge ƙungiya

Assalamu alaikum, Malam. Ka ce duk lokacin da ka kashe NES ɗinka, wato na'urar wasan bidiyo ta Nintendo, ka sake kunnawa, sai ka tarar ƙungiyar da ka gina a wasan ƙwallon baseball mai suna Baseball Stars II ta ɓace, kana tambaya ko kaset ɗin ne ya mutu. Wallahi na ji maka zafi ƙwarai, domin irin wannan ta taɓa faɗa mini.

Kaset ɗinka da ransa, batirin cikinsa ne nake kyautata zaton ya ƙare. Kamfanin Romstar ne ya fitar da wasan nan a 1992, kuma abin da ke riƙe ajiyarka ƙaramin batiri ne CR2032 mai volt 3, wanda aka liƙe da dalma a jikin allon lantarki da ke cikin kaset ɗin. Ka ga ke nan ya haura shekara 30 yana aiki.

Ni wanda ya sayar mini da nawa rantsuwa ya yi cewa ya sa sabon batiri, har ya ƙara kuɗi a kan haka. Na ɗauki lokaci mai tsawo ina cin wasanni, ina tara kuɗin ƙungiya, ina ƙara wa ɗan wasana mai jefa ƙwallo ƙarfi kaɗan-kaɗan har ya zama ba a iya bugun ƙwallonsa. Wata safiya na kunna, sai na ga wayam, ko ɗan wasa ɗaya bai rage ba. Da aka buɗe kaset ɗin, ga tsohon batirin nan da dalmarsa ta kamfani, ko taɓa shi ba a yi ba. Na kira mutumin, ya ce wai ni ne ban iya kashe na'ura ba, daga nan ya daina ɗaga wayata. Har yau abin yana ci mini rai, domin tsakani da Allah na amince masa.

Ka kai wa mai gyaran waya wanda hannunsa bai rawa, amma ka tafi da batiri mai 'yan ƙafafu na liƙawa, kada ya ɗora wuta kai tsaye a jikin batirin. Ka sa ya auna tsohon da mita a gabanka. Idan sukurorin bayan kaset ɗin irin na Nintendo ne masu kan tauraro, sai da sukurdireba ta musamman mai milimita 3.8. Ka kuma sani cewa da zarar an cire tsohon, duk abin da ya rage a ajiya zai tafi.

Bayan gyara, kullum ka danne maɓallin Reset ka riƙe shi kafin ka kashe maɓallin Power, kuma ka yi hattara da ɗaukewar wuta a tsakiyar wasa. Don Allah ka daina hura bakin kaset ɗin, auduga da sifirit sun fi, tunda datti a haƙoran ƙarfe 72 da ke bakin kaset ɗin shi ma yana lalata ajiya.

Gaskiya ni har yanzu Baseball Stars na farko, wanda kamfanin SNK ya yi a 1989, ya fi kwanta mini, domin a can kana raɗa wa ƙungiya da 'yan wasa sunan da kake so, a na biyun kuwa an cire wannan. Shi ma da batiri yake aiki, saboda haka idan kana da shi, ka haɗa su ka kai gyara rana ɗaya. Allah ya sa a dace.