Shin man barshumi zai iya riƙe gona a Ɗa'if?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni haifaffen Makka ne, kuma ina kula da gonar surukina a kan duwatsun Shafa, kusa da Ɗa'if. Barshumi, wato kaktus mai faffaɗan ganye mai kauri da ƙaya, ya kewaye gonar, muna sayar da 'ya'yansa a bakin hanya lokacin zafi. Na ji ana cewa man ƙwayarsa yana tsada ƙwarai a Turai. Shin in faɗaɗa shukar, in sayi injin tatsar mai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsadar man gaskiya ce, sai dai ba zan ba ka shawarar fara sayen inji ba, domin dalilin tsadar tasa shi ne ƙarancinsa. Ƙwayar barshumi ƙarama ce mai tauri, man cikinta kaɗan ne, har masu sana'ar kan ƙiyasta cewa sai an tara kimanin tan guda na 'ya'yan kafin a samu lita ɗaya. Saboda haka a Maroko da Tunisiya, inda ake fitar da man zuwa masana'antun kayan shafa na Turai, ƙwayar takan fito ne daga ragowar aikin matse ruwan 'ya'yan da sarrafa namansu, kuma manoma da yawa ne ke haɗa amfaninsu, kamar ƙungiyoyin matan yankin Sidi Ifni na Maroko. Mai saye a waje zai nemi takardar gwajin man, ya kuma nemi a riƙa kai masa kaya kowace shekara ba yankewa, abin da shingen gona ɗaya ba zai iya ɗauka ba.

Kuɗinka na kusa yana cikin 'ya'yan da kake sayarwa yanzu, in ka gyara yadda ake tsinkarsu. A tsinka da sassafe, lokacin da raɓa ta kwantar da ƙananan ƙayoyin, a yanka da wuƙa tare da ɗan guntun ganyen, domin wanda aka fizge da hannu gindinsa yakan yage, daga nan ruɓewa take farawa. A goge ƙayar da buroshi, a ware manya daban, a jera a kwali mara zurfi. Manoman tsibirin Sisili na Italiya suna da wata dabara da ta cancanci gwaji: suna cire furen farko gaba ɗaya wajen watan Yuni, sai shukar ta sake yin fure, 'ya'yan su nuna a Oktoba zuwa Nuwamba, sun fi girma, kasuwa kuma ba ta cika ba. Ka gwada a kan gindi kaɗan tukuna, kuma ka sani dabarar tana buƙatar ban ruwa.

Ganyen ma abincin dabbobi ne, har a arewa maso gabashin Burazil ana noma nau'in mara ƙaya don shanu. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ganyen ruwa ne, don haka a yayyanka shi a haɗa da busasshiyar ciyawa da dusa, in ba haka ba tumaki za su yi zawo.

Shukawa ba ta da wuya. A yanki lafiyayyen ganye, a bar shi a inuwa mako ɗaya zuwa biyu har bakin yankan ya bushe, sannan a binne rabinsa a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Gishiri yana cutar da shi, kuma sai an yi haƙurin kamar shekara uku kafin a ga amfanin kirki.

Abin da ya fi damuna a faɗaɗawar shi ne wani ƙwaro da ke manne wa ganyen yana tsotse shi. Za ka ga farin abu kamar auduga, in ka murje shi da yatsa ya fitar da jan ruwa. Ya bayyana a Maroko a 2014, ya cinye gonaki masu yawa cikin 'yan shekaru, wani danginsa kuma da aka kai yankin Tigray na Habasha don samar da jan rini ya kufce, ya lalata barshumin yankin, abincin damina na talakawa. Kada ka karɓi ganyen shuka daga inda ba ka sani ba, ko da kyauta ne. In ka ga alamar, ka yanke ganyen ka binne shi da zurfi, sannan ka sanar da ofishin ma'aikatar gona mafi kusa da kai.