Me ya sa majalisar Kanada ta daɗe tana cacar baki kan jiragen hunturu?

Tambaya: Malam, a karatun tarihin Kanada na ci karo da cewa 'yan majalisarsu sun kwashe shekaru suna sa-in-sa kan jiragen ruwan gwamnati da ke aiki da hunturu. Jirgin ruwa kuma har ya isa abin faɗa a majalisa? Don Allah a ƙara mini haske.

Amsa: Alkawari ne aka rubuta a takarda, ƙanƙara ta hana a cika shi. Tsibirin Prince Edward ya ƙi shiga tarayyar Kanada a 1867. Sai a 1873 ya miƙa wuya, bayan bashin gina layin dogo ya yi masa katutu. Cikin sharuɗɗan shigarsa har da cewa gwamnatin tarayya da ke Ottawa za ta samar da jirgi mai aiki da tururi, ya riƙa kai wasiƙu da fasinjoji tsakanin tsibirin da sauran ƙasar, da zafi da sanyi, ba yankewa. Wannan "ba yankewa" ɗin ita ce tushen rigimar.

Ka cire hunturunmu na hazo da kaushi daga ranka. Can teku ce ke daskarewa. Mashigin Northumberland da ya raba tsibirin da sauran ƙasar, inda ya fi ƙunci, bai wuce kilomita 13 ba, amma ƙanƙararsa ba ta zama wuri ɗaya. Igiyar ruwa da iska suna turo ta, ta hau kan 'yar'uwarta ta yi tudu, ta rufe jirgi a tsakiya.

Jirgin da gwamnati ta kawo a 1876, Northern Light, na katako ne, kuma sau tari sai ya kafe a ƙanƙara na kwanaki. Idan haka ta faru sai a koma ga ƙananan kwale-kwale tsakanin Cape Traverse a tsibirin da Cape Tormentine a ɗaya gaɓar. Inda akwai ruwa a tuƙa, inda ya daskare maza su sauka su ja da igiya a kafaɗa. Fasinjan da ya yarda ya taya ja, kuɗinsa ya fi sauƙi. A Janairun 1885 wani ayari ya kwana a kan ƙanƙara cikin guguwa, sanyi ya cinye wa wasu yatsu.

To, da wannan wakilan tsibirin suke zuwa majalisa kowace shekara, suna ƙirga kwanakin da aka yi ba wasiƙa, ba hanyar fitar da dankali da sauran amfanin gona. Ministoci kuwa amsarsu ba ta cika canzawa ba: an sayi jirgi, an kashe kuɗi, ba wanda ke da iko da ƙanƙara. A ganina mutanen tsibirin sun fi gaskiya, domin wanda ya sa hannu a 1873 ya san mashigin yana daskarewa.

Sanata George Howlan ya dage a haƙa hanya ta ƙarƙashin teku, aka yi ta awo ba a gina ba. A 1886 gwamnatin tsibirin ta kai ƙara har Landan, wurin gwamnatin Birtaniya da Kanada ke ƙarƙashinta a lokacin. An sayo jiragen ƙarfe masu fasa ƙanƙara, Stanley a 1888, Minto a 1899, Earl Grey a 1909, kowanne ya fi na baya ƙarfi, ba wanda ya kashe maganar. A 1901 Ottawa ta yarda ta riƙa biyan diyyar dala 30,000 duk shekara.

Sauƙi ya samu a 1917, da aka fara fito da babban jirgi mai ɗaukar taragon jirgin ƙasa tsakanin Borden a tsibirin da Cape Tormentine. Gadar Confederation da ta haɗa tsibirin da sauran ƙasar kuwa sai 1997 aka buɗe ta, kuma kafin nan sai da aka gyara tsarin mulkin ƙasa, don takardar 1873 jirgin tururi ta ambata.