Ruwa ya ɓata min kaya a sito, ta ina zan mayar da asarata?

Wani mai sayar da kayan masarufi a Kano ya rubuto cewa: "Ina da sito a gidana inda nake ajiye fulawa, sukari da katan-katan na taliya. A watan Agusta kwano ya yi yoyo, ruwa ya bi silin ya sauka a kan kaya. Ƙanin matata ne ke riƙe da makulli, ya ce min asarar za ta kai miliyan 2 ko 3. Na ba shi naira 400,000 ya gyara, an yi fenti, ga shi bango ya sake jiƙewa. Yanzu wani abokina ya ce in zuba ragowar jarina a wata harkar intanet mai ninka kuɗi cikin wata biyu. Mene ne shawara?"

Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Amma abin da ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarka shi ne "miliyan 2 ko 3". Tsakanin biyu da uku akwai miliyan ɗaya cur, jarin wani ne sukutum. Kuma ko wannan ƙiyasin ba kai ka yi shi ba, "ya ce min" ka rubuta. Ba ka san buhu nawa ke cikin sitonka ba a daren da aka yi ruwan, saboda haka ba za ka taɓa sanin nawa ruwa ya ci ba, nawa kuma ya fita ta ƙofa tun kafin hadari ya haɗu.

Ban ce surukinka ya ci amana ba. Wataƙila mutumin kirki ne. Sai dai kai ka jefa shi inda ko da gaskiyarsa ba shi da abin nunawa, kai kuma nauyin surukuta ya rufe maka baki, ba ka iya cewa "kawo lissafi". Haka ka miƙa masa 400,000 ba rasit, ba ka ga kwano ba, ba ka ga kafinta ba.

Na san wani bawan Allah a Kasuwar Singa da irin wannan ta faɗa wa. Ɗan yayansa ya ce buhu 80 na sukari suka jiƙe. Da muka je na sa aka sauke su ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida, waɗanda suka dunƙule suka yi tauri 23 ne kacal, duk na layin ƙasa da na jikin bango. Sauran da aka ce sun lalace babu su ko sama ko ƙasa, littafin da za a duba ma babu. Har yau gidajen nan biyu ba sa ga maciji.

Saboda haka gobe da safe ka shiga siton da ƙafarka, da littafi da biro. A fitar da komai. Fulawar da ta yi fumfuna ko ta sauya wari kada ka kai wa masu burodi, cikin mutane za ta shiga. Sukarin da ya dunƙule kawai ka sayar da ragi, ka faɗa wa mai saye gaskiya. Taliya tana cikin leda, galibi kwalin ne ya mutu. Ka rubuta kowanne, ka ɗauki hoto da wayarka.

Fentin nan kuwa kuɗi aka zubar. Bangon da ya sha ruwa yakan ɗauki makonni kafin ya bushe, in aka shafe shi da laima a ciki sai ya kumbura ya ɓare. Ka kashe wutar ɗakin tukuna, domin wayoyi ta cikin silin suke bi. Ka samo kafinta wanda ba danginka ba, ya hau kwano kana tsaye a ƙasa, ya duba ramukan ƙusa da indararo. A cire silin da ya jiƙe, a duba katakon rufi, a buɗe tagogi, fenti ya jira hunturu. Kayan da suka tsira a ɗora su kan katako, a bar tazarar da mutum zai iya ratsawa tsakaninsu da bango.

Batun ninka kuɗi ba zan ɓata lokaci a kai ba. Waɗanda suka zuba kuɗi a MMM, wata harkar intanet mai irin wannan alkawari, sun wayi gari a Disamba 2016 an rufe asusunsu. Ribar buhun fulawa kaɗan ce, amma ita ka sani, ita za ta cike ramin nan ko da za a shekara.

In kana tunanin shiga takaful, wato inshorar Musulunci, saboda daminar baɗi, ka sani ranar da abu ya faru lissafin kaya da rasit za su fara tambaya. Makulli kana iya barin sa a hannun surukinka, da sharaɗin duk ranar Alhamis ku ƙirga buhuna tare, ku biyu ku sa hannu a shafi ɗaya.