Lambun haɗin gwiwa na mata: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon sun fito daga ƙungiyoyin mata na ƙauyukan da ke kewaye da Kumasi, wajen Ejisu, Offinso da hanyar Mampong.

Tambaya: Mu ashirin ne, sarkin ƙauyenmu ya ba mu aron fili a bakin rafi. Da me za mu fara?

Amsa: Magajiya, kafin a taɓa fartanya a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a faɗi shekarun aron. Filayen bakin Kumasi ba sa daɗewa ake yanka su fulotai, kuma sau da yawa sai ƙasa ta ji taki ta yi kyau mai ita ke tuna yana buƙatarta.

Sai ruwa, domin shi ke yanke girman lambu. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10 yana shan lita 40 zuwa 50 kullum lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wato jarka biyu na rawayar nan da ake kira galan Kufuor. Fangali ashirin jarka arba'in ke nan a rana. In hannunku bai kai ba, ku fara da goma. Ku dubi rafin da kyau: in ana galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, a samansa ko kwatamin gari na zuba ciki, ku haƙa 'yar rijiya nesa da gaɓa. Da damina a ɗaga fangalin kamar santimita 20, don ruwan Yuni kan kwanta ya ruɓar da saiwa.

Tambaya: Wasunmu na son tumatir saboda kuɗinsa, wasu ganye. Wanne ya fi?

Amsa: Idan tukunyar gida ce manufa, ganye. Alayyafo yana isa ci cikin mako 3 zuwa 4. A gauraya irinsa da yashi kashi goma kafin a yafa, don kada ya cunkushe. A yanke shi a bar kamar taƙi ɗaya, zai sake tohowa bayan mako biyu. Irin ayoyo na da taurin ɓawo: a ƙulle shi a tsumma, a tsoma a ruwan da aka sauke daga tafasa na daƙiƙa 10, a shanya a inuwa, a shuka. Kuɓewa a ba ta santimita 60 tsakanin layuka, 40 tsakanin ramuka. Tana fara 'ya'ya wajen mako na 8, a riƙa tsinka bayan kwana biyu-biyu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shuka komai rana ɗaya. Sai ganye ya yi ambaliya mako guda, a kai kasuwa a zubar da arha, sannan a yi wata ana saye. Ku shuka fangali biyu duk bayan mako biyu. A gefe a sa gwaza don kontomire, wato ganyensa na miya, da zogale a jikin shinge, da dankali mai jan ciki irin Apomuden na cibiyar binciken amfanin gona da ke Fumesua, wanda ke da sinadarin bitamin A, yara kuma na son zaƙinsa.

Tambaya: Tumatirinmu yana shar, sai ya yanƙwane dare ɗaya ko da ƙasa na da laima.

Amsa: Hajiya, yanko kara daga gindi ki tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garau. In wani farin zare kamar madara ya sauko, ƙwayar cuta ce da ke cikin ƙasa, kuma feshi ba ya maganinta. A tuge, a ƙone, a wanke wuƙa. Shekara uku kada a sa tumatir, barkono ko yalo a wurin, duk dangi ɗaya ne. A sa masara. In kuwa ƙulle-ƙulle kika gani a saiwa, tsutsar ƙasa ce, sauya irin abin da ake shukawa a wurin da taki mai yawa na rage ta.

Tambaya: Kashin kaji ya ƙone mana shuka.

Amsa: Ɗanye kuka zuba. A tara shi da busasshiyar ciyawa, a yayyafa ruwa, a juya duk mako biyu har mako 6 zuwa 8, sai zafi da wari sun tafi. Kilo 15 ya ishi fangali ɗaya, a cakuɗa da ƙasa mako guda kafin shuka.